Kafin Ka Ce An Ci Kuɗin Jama'a: Nasiha Ga Matasa Masu Son Aikin Jarida Na Bincike



A garin nan na Kaduna ba a rasa mai cewa "an ci kuɗin". Zauna a teburin mai shayi a Kawo, ko ka hau keke daga Kasuwar Gumi zuwa Unguwar Rimi, kafin ka sauka za ka ji an yanke wa wani kwamishina ko ɗan kwangila hukunci. Sau da yawa ma masu maganar suna kan gaskiya. To amma ka tambaye su: nawa ne kuɗin? Wa ya sa hannu? Wane kamfani aka ba, yaushe aka biya shi, me ya gina? Nan za ka ji tsit. Nemo amsar waɗannan tambayoyi, da hujjar da ba mai iya musawa, shi ne aikin da da yawanku kuke ce mini kuna so. Ina murna da wannan buri naku ƙwarai, shi ya sa nake so ku san abin da aikin yake nema daga gare ku tun kafin ku sa ƙafa.

Gidan da kuka gada

Ba ku ne farau ba, kuma ya kamata wannan ya ba ku ƙarfin gwiwa. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana edita. A nan kan titin Ahmadu Bello jaridar New Nigerian ta fito ranar 1 ga Janairun 1966, ta kuma yi editoci irin su Adamu Ciroma da Mamman Daura da Turi Muhammadu. Jaridar gwamnati ce, amma an yi zamanin da masu mulki a Legas ba sa raina sharhinta. A Kaduna aka kafa mujallar Citizen a 1990, a nan kuma Weekly Trust ta fara fitowa a 1998 kafin ta haifi Daily Trust da Aminiya. Ku 'yan mata, ku riƙe sunan Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi editar Sunday Triumph a Kano, ta yi ta New Nigerian, ta kasance cikin jagororin Citizen, ta rasu a Mina a aikin hajjin 2015. Duk wanda ya ce muku wannan ba aikin mace ba ne, bai san tarihin garinsa ba.

Sai dai akwai abin da kuka samu wanda waɗancan manya ba su samu ba. A zamaninsu, in kana son ganin takardar gwamnati sai ka san wani akawu a sakatariya wanda zai yi kasada da aikinsa ya nuna maka fayil. Yau sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai nauyin sa ido kan gwamnati don ta yi wa jama'a bayani. Dokar 'yancin samun bayanai da aka sa wa hannu a watan Mayun 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takarda, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Afrilun 2025 cewa ta shafe su. Kaduna kuwa tun 2018 ta shiga ƙawancen duniya na buɗaɗɗiyar gwamnati. Ana sa kasafin kuɗinta a intanet, akwai hukumar kula da bayar da kwangiloli, an kuma fito da manhajar Eyes and Ears don jama'a su ba da rahoton halin da ayyuka suke ciki. Ofishin kula da basussuka na ƙasa yana wallafa bashin kowace jiha. Hukumar rajistar kamfanoni tana da shafin da za ka nemi sunan kamfani ka ga ko da gaske yana da rajista.

Ba na cewa an buɗe komai, ko kuwa duk wasiƙar da ka kai za a amsa. Amma abin da ke a buɗe ma ya fi ƙarfin masu karanta shi. Takardu ne masu ɗaruruwan shafuka, cike da lambobi, da Turancin ofis. Masu kuɗin kuwa, wato mai sayar da kayan miya a Unguwar Shanu da ɗan acaɓa a Hayin Banki da malamar firamare a Badarawa, ba wanda ya zauna ya fassara musu. Nan gurbinku yake.

Kasafi alkawari ne

Abu na farko da za ka koya shi ne kuɗin gwamnati suna bin matakai, kuma kowane mataki da takardarsa. Kasafin da majalisa ta amince da shi a zauren Lugard niyya ce kawai, kamar lissafin cefanen da maigida ya yi da safe, wanda ba lallai ne shi za a tarar a tukunya da daddare ba. Bayan amincewa akwai sakin kuɗi, wanda za ka gani a rahoton aiwatar da kasafi da ake fitarwa duk wata uku. Bayan saki akwai bayar da kwangila da biyan ɗan kwangila. Daga ƙarshe akwai rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha, wanda yake zuwa gaban kwamitin majalisa mai kula da asusun jama'a. Matashin da ya ga an ware kuɗin gyaran makaranta a kasafi, ya je ya ga ba a gyara ba, ya hau Facebook ya ce an sace, wataƙila ya yi wa wani ƙazafi, domin mai yiwuwa ne ko kwabo ba a saki ba. A nan ma akwai labari, amma wani daban ne: me ya sa ake ta sa aikin a kasafi shekara bayan shekara ba a sakin kuɗinsa, alhali ana sakin na wasu?

Idan ka tabbatar an saki kuɗi an kuma biya, sai ka ajiye kwamfuta ka ɗaura takalmi, domin gani ya kori ji. A ce ƙaramin asibitin mazaɓa ne. Jihar nan tana da mazaɓu 255 a ƙananan hukumomi 23, gwamnati kuma ta yi shirin gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, saboda haka akwai na kusa da kai. Kada ka tsaya a bakin ƙofa ka ɗauki hoton sabon fenti. Karanta allon da aka kafa, ka kwafe sunan kamfani da ma'aikatar da ta ba da aikin. Shiga ɗakin haihuwa ka ɗaga kai ka dubi silin, ko akwai shacin yoyon daminar bara. Murɗa famfo. Buɗe firjin allurar rigakafi ka sa hannu ka ji ko da sanyi. In takarda ta ce gado goma, ƙirga gadajen. Nemi ganin littafin zuwan ma'aikata, ka tambayi unguwarzoma wa yake kwana a wurin in naƙuda ta zo da tsakar dare. Sannan ka je ka gaida mai unguwa, ka ji ta bakin 'yan kwamitin raya mazaɓa. Ki lura, ƙanwata, ke za ki shiga cikin gida ki zauna da matan da suka haihu a wurin su faɗa miki abin da ba za su taɓa faɗa wa namiji ba.

Asibiti ɗaya ƙorafi ne. Amma in ka yi wa asibitoci ashirin waɗannan tambayoyi iri ɗaya, ka zuba amsoshin a jadawalin Excel, kowane asibiti da layinsa, kowace tambaya da gurbinta, sai abin da ido ba ya gani ya fito fili. Za ka iya gano kamfani ɗaya ne ya yi duk waɗanda suke yoyo, ko kuwa kamfanoni uku ne masu suna daban amma adireshinsu ɗaya. Wannan shi ne aikin jarida na alƙaluma. Ba ya bukatar ka zama gwanin lissafi. Ka iya tarawa da rabawa, ka iya fitar da kashi cikin ɗari, ka iya jera bayanai ka tace su, ka kuma riƙa ƙirga sifili sau biyu, don tsakanin miliyan da biliyan ninki dubu ne.

Bashin Kaduna a matsayin darasi

Ga misali daga cikin gida. A 2017 Bankin Duniya ya amince ya ba jihar Kaduna rancen dala miliyan 350. A watan Maris na 2018 Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa, bisa shawarar kwamitin da Sanata Shehu Sani yake shugabanta, sai majalisar da ta biyo baya ce ta amince. A Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya shaida wa taron jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85 da nauyin kwangiloli 115, ya ce daga naira biliyan 10 na kason jihar a wannan wata an cire biliyan 7 don biyan bashi. A watan Yuni na shekarar kwamitin majalisar jiha ya fitar da rahoton da ya zargi gwamnatin Malam Nasir El-Rufai da karkatar da naira biliyan 423. Tsohon gwamnan ya musanta, ya kuma garzaya kotu.

Garin ya rabu biyu, kowa da gwaninsa. Kai da kake son wannan aiki ba ka da gwani a ciki. Naka shi ne ka zauna ka yi lissafi. A farashin gwamnati na 2017, dala tana wajen naira 305, wato dala miliyan 350 ta kama kusan naira biliyan 107. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta kai wajen 1,500 a 2024, sai wannan adadi ya haura naira biliyan 500 ba tare da an ƙara ciwo bashin ko sisi ba. Wanda bai fahimci wannan ba zai ruɗe, ya ruɗar da masu sauraronsa. Bayan haka sai tambayoyin da suka fi kowane zagi amfani: wane rance aka yi wane titi da shi? Nawa aka ba da kwangilar gadar Kawo, nawa aka biya? Shekara nawa za a yi ana biya, da wane ruwa? Ka tuna kuma, rahoton kwamiti zargi ne, musantawar wanda ake zargi ma magana ce. Dukansu biyu abin bincike ne a wurinka, ba abin haddacewa ba.

Masu irin wannan haƙuri sun nuna abin da yake haifarwa. A Yulin 2018 Abdulaziz Abdulaziz ya wallafa a Premium Times cewa takardar yafewar hidimar ƙasa da ministar kuɗi Kemi Adeosun take riƙe da ita ta bogi ce, a watan Satumba ta ajiye aiki. A ƙarshen 2023 Umar Audu na Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har ya shiga hidimar ƙasa da shi, nan take gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. A Bagega ta jihar Zamfara, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara, matasan ƙungiyar Follow The Money ƙarƙashin Hamzat Lawal sun bi sawun kuɗin tsabtace ƙauyen da aka yi alkawari har aka sake su a 2013. Ba ɗaya daga cikinsu da ya yi nasara da ƙarfin murya. Hujja suka ajiye a gaban jama'a.

Adalci ga wanda kake bincike

Musuluncinmu ya umarce mu, a cikin Suratul Hujurat, da mu tantance labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da mutane cikin rashin sani. Babu ƙa'idar aikin jarida da ta wuce wannan. Duk wanda ya kawo maka takardar sirri yana da dalilinsa. Wani kishin jama'a ne, wani kuwa an hana shi kasonsa ne. Karɓi takardar, amma ka tabbatar da ita ta wata hanyar da ba ta biyo ta hannunsa ba. Kafin ka buga, rubuta wa wanda abin ya shafa tambayoyinka dalla-dalla, ka ba shi lokacin amsawa, ka ajiye shaidar cewa ya karɓa. In ya amsa, sa amsarsa yadda ya faɗa. In bayaninsa ya rushe labarinka, ka haƙura da labarin ko da ka yi wata uku a kansa. Mutuncin bawan Allah ya fi wahalarka tsada.

Mu mutanen Kaduna mun san nauyin alƙalami fiye da kowa. A Nuwambar 2002 rubutu ɗaya a wata jarida kan gasar sarauniyar kyau ya zama sanadin rikicin da ya ci rayuka fiye da 200 a garin nan. Tun rikicin da aka yi a 2000 kogin Kaduna ya zama iyaka a zukatan mutane, wasu suka koma kudu, wasu suka dawo arewa. Kada aikinka ya tsaya a bakin gada. In ka duba makarantun Unguwar Dosa da Malali, ka haye ka duba na Kakuri da Sabon Tasha da ma'auni ɗaya. Ranar da aka gane kana tona asirin wanda ba addininku ɗaya ba, kana rufa wa naka, daga ranar alƙalumanka sun zama makamin faɗa, ba wanda zai sake yarda da su.

Haɗari da abin sawa a baka

Ba zan ɓoye muku ba, aikin yana da haɗari. An kashe Dele Giwa da bam a cikin ƙunshin saƙo a Legas ranar 19 ga Oktoban 1986. Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a nan Kaduna, ya ɓace a zamanin Abacha. A 1998 'yan sanda suka ce shi ne ya mutu a fashewar bam ta otal ɗin Durbar a Janairun 1996, iyalinsa da abokan aikinsa kuwa ba su yarda da wannan bayani ba. Jaafar Jaafar, wanda ya fitar da hotunan bidiyo na zargin karɓar daloli a kan gwamnan Kano na lokacin a 2018, zargin da gwamnan ya musanta, sai da ya bar ƙasar zuwa Ingila a 2021. An kuma sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen tsare 'yan jarida, kafin a yi masa gyara a 2024.

Saboda haka kada ka yi aikin nan kai kaɗai. Ka samu edita mai gogewa da zai karanta kowane layi ya ce maka "ina hujjar wannan?" Babban labari kuwa lauya ya gani kafin ya fita. Ajiye kwafin takardunka a wuri fiye da ɗaya. In za ka fita bayan gari, wani ya san inda ka nufa da lokacin dawowarka. Sunan wanda ya ba ka bayani a asirce amana ce, kada ka rubuta shi a wayar da za a iya ƙwacewa, kada kuma ka faɗa wa ko amininka. Jarumtar da za ta jefa ƙaramin ma'aikaci mai iyali cikin bala'i ba abin yabo ba ce.

Haɗarin da ya fi kama mutane kuwa ba ɗauri ba ne, 'yar ambulan ce. Albashin aikin jarida kaɗan ne, a wurare da yawa ma ba ya zuwa a kan kari. Za a gama taron manema labarai a miƙo maka "kuɗin mota". Wata rana wanda kake bincike zai aiko a ce yana son ku gaisa, ko a turo dattijon da kake jin nauyinsa ya ce a rufa asiri. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Maganin abin shi ne ka shirya hanyar halal tun da wuri. Cibiyoyi irin su ICIR da CJID da cibiyar Wole Soyinka suna horar da matasa, suna kuma ba da tallafin gudanar da bincike. Ƙungiyar BudgIT da shirinta na Tracka suna aiki da masu bibiyar ayyukan mazaɓu. Kafafen labarai irin su HumAngle da WikkiTimes da Daily Nigerian kuwa 'yan Arewa ne suka kafa su. Iya sarrafa alƙaluma kansa sana'a ce da ake nema. Amma ko mai ba da tallafi kada ka bari ya zaɓa maka abin da za ka gano. Ka kuma saba da rayuwa daidai samunka, domin wanda bukatunsa suka fi ƙarfin aljihunsa ba ya da wuyar saye.

A faɗa wa masu kuɗin

Abu na ƙarshe, wanda ya fi damuna. Mafi yawan binciken da ake yi a kan Arewa da Turanci ake buga shi, a karanta a Abuja da Legas, a ba marubucin lambar yabo, matar da aka yi labarin a kan asibitin unguwarsu ba ta ma san an yi ba. Ku kuna da harshen da za ku kai mata. Mutanenmu masu sauraron rediyo ne tun kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, yau kuma ga Nagarta da Freedom da Alheri da Liberty, ga saƙon murya na WhatsApp da yake shiga kowane gida. Ka rubuta da Turanci don hukuma ta ji, amma ka zauna ka sake gina labarin da Hausa. Kada ka tsaya a "naira biliyan kaza". Raba kuɗin da yawan ajujuwan da aka ce an gina, ka faɗi nawa kowane aji ya ci, don magini da ke sauraro a Abakwa ya auna da abin da ya sani na farashin bulo da siminti. Idan jama'a suka fahimci lissafin, su da kansu za su tari kansila da ɗan majalisa da tambaya, wannan kuwa ya fi duk abin da kai kaɗai za ka iya.

Ko kana karatun aikin jarida a Jami'ar Jihar Kaduna ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ko kuwa wani fanni ka karanta daban, kada ka jira sai an ɗauke ka aiki. A makon nan sauke kasafin jihar na bana, nemo aiki ɗaya da aka rubuta a mazaɓarku, ka bi shi daga takarda har zuwa inda aka ce yana nan. In ka tarar an yi shi da kyau, ka faɗa, domin ma'aikacin da ya riƙe amana shi ma yana da hakkin a san da shi. In ka tarar ba a yi ba, ka tambayi dalili cikin ladabi, ka rubuta wasiƙa, ka koma, ka sake komawa.

Allah Ya ba ku haƙurin bincike da ƙarfin zuciyar faɗin abin da kuka gano. Ya tsare ku daga zaluntar kowa da alƙalaminku, Ya kare ku daga sharrin azzalumai, Ya sa jama'ar jihar nan su amfana da ku. Amin.